Wata takwas ina lissafin ayyukan gyara a Zoho: abin da na gani

Sana'ata gyaran ginin da ya sha wahala: gidan da ruwa ya ci, shagon da gobara ta lasa, ajin makarantar da iskar farkon damina ta yaye wa kwano. A Birnin Kebbi nake zaune, amma aiki yana kai mu Kalgo, Jega, Bunza, Argungu, wani lokaci har Yawuri. Da birkila ɗaya da leburori biyu na fara. Tun bayan ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa ta kuma kayar da gidajen ƙasa masu yawa a jihar nan, aiki ya ƙaru mana, har ya zama a mako ɗaya muna da wuri biyar ko shida a buɗe.

Nan ne lissafi ya fara kuɓuce min. Wanda yake kula da ma'aikata yana da littafinsa, inda yake rubuta wa ya zo, buhun siminti nawa aka buɗe, bandir ɗin kwano nawa ya shiga. Ƙanena da ke riƙe kuɗi yana da nasa a Excel. Rasit kuma suna yawo a WhatsApp da aljihun direba. Kuɗi suna shiga asusu, suna fita, amma in ka tambaye ni aikin Jega riba ya kawo ko asara, sai dai in yi hasashe.

Aikin gyara ba kamar sabon gini ba ne. Sabon gini kana ganin komai a takarda tun daga tushe. Gyara kuwa sai ka ɓalle silin ka tarar katakon rufi duk gara ta cinye, ko ka kankare shafe ka ga danshi ya hau bango har ƙugu. Kiyasin da ka ba mai gida ranar farko yana canzawa sau uku kafin a gama, kuma duk ƙarin da ba a rubuta ba a ranar, daga aljihunka zai fita.

Wani matashi da ya karanta lissafin kuɗi ne ya ba ni shawarar Zoho, kamfanin Indiya, kuma shi na ɗauka ya haɗa mana. Manhaja biyu ce: Zoho Projects na tsara aiki, Zoho Books na kuɗi, aka jona su suna magana da juna. Abin da ya fara ja na shi ne ana biyan kuɗinsu da naira, ba sai na nemi katin dala ba.

Yadda muke yi yanzu, kowane gida da muka karɓa ana buɗe masa shafinsa. A ciki ake jera matakai: kwashe ɓaraguzai, busar da ɗaki, gyaran rufi, shafe, wayar wuta, fenti. Kiyasin da na tura wa mai gida, in ya amince, shi ne ke juyewa ya zama takardar neman biya, ba sai an sake bugawa ba. Kuɗin kafin alƙalami ana shigar da su daban, su riƙa raguwa yadda aiki ke tafiya. In direba ya sayi ƙusa ko fenti a kasuwa, hoton rasit ɗin yake ɗauka da waya a liƙa shi a shafin gidan da aka saya dominsa. Wannan ƙaramin abu shi ya fi komai amfani a wurina.

Wata na biyu da farawa na buɗe shafin wani shago da muka gyara bayan gobara. A raina aikin ya yi kyau, mai shi ya biya ba gardama. Sai lissafi ya nuna kuɗin mota da man janareta da jingar mai walda sun cinye ribar kusan duka, domin sau huɗu aka koma ɗauko kaya ƙanana-ƙanana. Ba wanda ya ci amana, ba abin da ya ɓace. Tsarinmu ne yake zubar da kuɗi, kuma shekaru muna haka ban gani ba. Tun daga ranar nake sa kuɗin zirga-zirga a kiyasi gwargwadon nisan gari, kuma ba a tashin mota zuwa Argungu sai an haɗa jerin kayan mako.

Ta fannin haraji ma na samu sauƙi. Idan muna yi wa hukuma ko ƙungiya aiki, suna son takarda mai nuna harajin VAT na kashi 7.5 a fili, kuma sukan cire nasu haraji tun kafin su biya. Da can sai in ga kuɗi sun shigo da giɓi in rasa dalili. Yanzu an rubuta abin da aka cire, akanta yana ganinsa ƙarshen wata ba tare da ya kira ni sau goma ba.

Inda na sha wahala shi ne wurin mutane da wurin sabis. Matashin da ya haɗa mana ya san kwamfuta, amma bai san aikin gini ba. Ya tsara biyan ma'aikata bisa awa, alhali mu jinga muke yi ko kuɗin yini. Mako uku muna gyara wannan, kuma sai da na kai shi wurin aiki a Kalgo ya wuni cikin ƙura kafin ya gane. Horon da ya yi wa yarana ma yini ɗaya ne, bai isa ba. Babban birkilana, wanda ya girme ni, ya ce min, "Alhaji, wanga abu na yara na, ni bar ni da alƙalamina." Ban matsa masa ba. Na ce, "Baba, ka rubuta yadda ka saba, da yamma yaro ya shigar." Haka muke yi har yau, ɗan wansa ne ke kwafewa a waya bayan la'asar. A ƙauyukan bakin fadama kuma sabis yakan ɗauke, sai an fito titi ake tura hotuna, don haka lissafin wasu wuraren yana makara da kwana ɗaya ko biyu.

Wanda yake da aiki ɗaya ko biyu a lokaci guda, littafi da biro sun ishe shi, kada ya ɗora wa kansa kuɗin wata-wata. Amma wanda ya kai ga raba ma'aikata gari-gari, ya fara mantuwa da wa ya biya rabi wa ya biya duka, ina ba shi shawara ya gwada, ya kuma fara a rani lokacin da aiki ya lafa. Ni a watan Yuli na fara, tsakiyar ruwa, waya tana ta ƙara ana kiran rufi ya zube, kuma ayyuka biyu na farko sai da muka sake shigar da su daga tushe.