Babbar Waya, Rakani-Kashi ko Fawa Banki: Auna Aljihunka Kafin Ka Biya Kuɗi

Mai sayen waya a shagunan PZ ko Samaru a Zariya tambayoyinsa ba sa wuce uku: gig nawa ce, ya kamararta take, nawa za a bari. Da wuya ka ji an tambayi inda wayar za ta zauna daga asuba zuwa isha'i, alhali sau da yawa fashewar gilashi da ɓatan waya daga nan suke farawa.

Wayoyi sun girma, aljihu bai girma ba. iPhone ta farko a 2007 fuskarta inci 3.5 ce. Yau galibin Tecno, Infinix, Redmi da Samsung da ke kasuwa suna tsakanin inci 6.5 da 6.8, nauyinsu kusan giram 200. Da yake tafin hannu ba ya ƙara faɗi, masu ƙerawa sun tsayar da faɗin a ƙasa da santimita 8, suka zuba ƙarin a tsawo, har santimita 16 zuwa 17. Shi ya sa take leƙowa daga aljihun gaba na kaftani, kana sunkuyawa alwala ko ruku'u sai ka ji ta a ƙasa. Kafin ka biya, sa mata riga, jefa ta a aljihun gefe, ka zauna, ka sunkuya. In ta leƙo, ko ka nemi ƙarama, ko ka ce wa tela ya yi maka aljihu mai zurfin inci 8 da faɗin inci 4, da zif. Mata sun fi shan wahala a nan, don riga da siket ba su da aljihu, wayar kullum tana hannu a ƙarƙashin hijabi. Ƙaramar jakar rataye mai zif ta fi fos ɗin hannu aminci a cikin Keke Napep.

Zaɓi uku ne a gabanka. Na farko shi ne babbar waya ɗaya tilo mai batir 5,000 ko 6,000 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka. Tana kai mutum dare in ba bidiyo yake wuni kallo ba. Amma inda ake kawo wuta a ɗauke, saurin caji ya fi girman batir muhimmanci. Cajar wat 10 na cin wajen awa uku kafin ta cika batir 5,000, ta wat 18 awa biyu da ɗoriya, ta wat 33 awa ɗaya da 'yan mintoci. Buɗe kwalin a gaban mai shago, domin wasu kamfanoni sun daina sa kan caja tun da Apple ya fara hakan a 2020. Kuma bakin cajin ya zama Type-C, shi ne wanda za ka samu aro a ko'ina yanzu.

Na biyu, waya matsakaiciya da fawa banki. A nan ake yi wa mutane rufa-ido da lamba. Wanda aka rubuta wa 10,000 mAh ba ya ba waya 10,000, saboda batiran cikinsa a bolt 3.7 suke, sai an ɗaga su zuwa bolt 5, wani kaso kuma ya tafi a zafi. Abin da ke isa wayar bai fi 6,000 zuwa 7,000 ba, wato cika ɗaya da ɗan ƙari. Kamfanonin kirki suna rubuta wannan lamba ta biyu da ƙananan baƙaƙe a bayansa. Nauyi ma shaida ne: 10,000 na gaske yana kai giram 200 zuwa 250, 20,000 kuwa ya kan haura giram 400. In an ce maka 30,000 ne ka ji shi sakayau a hannu, ajiye musu kayansu. Mai 20,000 kayan jaka ne, yana saɓule aljihu ya yage ɗinki. Sai zafi: batirin litiyam na saurin lalacewa in ya wuce digiri 35, a Maris da Afrilu kuwa Zariya kan doshi 40. Caji a cikin aljihu ko a akwatin babur da rana shi ke kumbura batir har ya ɗaga gilashi.

Na uku, wanda a ganinmu ya fi dacewa da ɗan kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada, shi ne babbar waya da ƙarama mai madannai, irin Nokia 105 ko ƙananan itel. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 waya ta zama lalita, wanda ya ƙwace ta da layin banki a ciki ya kama hanyar asusunka. Sa layin banki a ƙaramar, ka rufe layin da lambar sirri. Tiransifa ta lambobin USSD, waɗanda ake dannawa da * da #, ba ta buƙatar data, cajin ƙaramar wayar kuma na kwanaki ne. Ita za ka riƙa fitarwa a Kwangila ko a kan acaɓa, babbar tana ɓoye. Aibinta biyu: lambar tabbatarwa daga banki a ƙaramar za ta riƙa sauka, dole su kasance tare, kuma in ka kuskure lambar sirrin sau uku layin zai kulle sai da PUK, wato lambar buɗe layi da ke kan katinsa, don haka adana katin da layin ya zo a jiki.

Ɗalibin da ke wuni a laca a Samaru ko Kongo, fawa banki 10,000 ya ishe shi.

Ko wacce ka ɗauka, duba mazaunin layi: a wasu wayoyin gurbin layi na biyu shi ne na memori, sai dai ka zaɓi ɗaya. Ƙurar hunturu kuma tana cushe bakin caji har a zaci wayar ta lalace. Kashe ta, ka sakace da tsinken icce, ban da allura. A ƙarshe danna *#06#, ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta fito da wadda ke jikin kwali, ka sa a rubuta ta a rasit, musamman in wayar ta hannu ce.