Tsarin Dvorak a wayar hannu: abin da na gani bayan wata biyu

Tun da na fara riƙe waya ban san wani jerin haruffa ba sai QWERTY, wanda Christopher Sholes ya shirya wa keken rubutu a shekarun 1870. Wata biyu ke nan da na koma tsarin Dvorak, wanda August Dvorak ya yi wa rajistar mallaka a Amurka a 1936, kuma a yau ana samunsa cikin saitin Gboard, wato manhajar allon rubutu ta Google, haka nan a iPhone tun daga iOS 16.

Hikimar tsarin tana layin tsakiya, inda wasulan A, O, E, U, I suke jere a hagu, baƙaƙen D, H, T, N, S kuma a dama. Makon farko na sha wahala ƙwarai, domin ido na neman harafi, yatsa kuma ya riga ya tafi inda ya saba. Sai a mako na uku hannu ya fara sakewa, na ji daɗin yadda manyan yatsuna biyu suke karɓa-karɓa, wannan ya danna baƙi, wancan ya biyo da wasali.

Sai dai sauri wani abu ne daban. An gina Dvorak ne domin yatsu goma masu hutawa a layin tsakiya, alhali a waya yatsa biyu ne ke dukan aikin. Da yake wasulan suna maƙwabtaka, yatsa na ɗan gocewa sai wata kalma mai ma'ana ta fito, kuma mai gyaran kuskure na wayar (autocorrect) ba zai taɓa ta ba tunda a wurinsa daidai take. Wannan ba ƙaramin rashi ba ne: binciken jami'o'in Aalto, Kambirij da ETH Zurich na 2019, kan mutum kusan 37,000, ya nuna masu rubutu da manyan yatsu biyu suna kai matsakaicin kalma 38 a minti, kuma gyaran kuskure na kai-tsaye yana tafiya da ƙarin sauri. Rubutu ta jan yatsa a kan haruffa ba tare da ɗagawa ba ma ya ƙara wuya, saboda kalmomi da yawa suna bin hanya kusan iri ɗaya.

A yanzu na dawo daidai saurina na da, ban wuce shi ba. Wanda ya riga ya saba da Dvorak a kwamfuta zai amfana da samun tsari ɗaya a ko'ina, amma mai neman sauri kawai ba zan ba shi shawarar ya sadaukar da makonninsa ba.