Na hau jirgin cikin gida sau 11 cikin wata shida, ga abin da na gani game da gasar kamfanonin nan

Salam jama'a. Tun watan jiya wani abokin kasuwancina ke bina da tambaya wai wane kamfanin jirgi ne ya fi a Najeriya yanzu, tunda ya ga kusan duk wata sai na sauka Legas ɗauko kaya, wani lokacin in biyo ta Abuja kafin in dawo Kano. Na ce masa Alhaji wannan ba amsar tsaye a bakin shago ba ce, bari in samu natsuwa in rubuta, ko wani ma ya amfana. Na duba tikitocin da ke cikin wayata, sau 11 na tashi a wata shida, da kamfanoni huɗu daban-daban, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a majalisa ba.

Duk wanda ya tsaya a filin jirgin Legas ko na Abuja ya kalli allon tashi ya san wa ke riƙe da kasuwar. Air Peace ce, ta Allen Onyema, wadda ta fara jigila a 2014, ita ta fi kowa yawan jirage da yawan garuruwan da take zuwa, har Landan ta fara zuwa daga Legas a watan Maris na 2024. Kafin ita Arik ce ke kan wannan kujerar, mu da muka fara hawa jirgi wajen 2010 mun san lokacin da in an ce jirgin cikin gida to Arik ake nufi, sai bashi ya yi mata katutu AMCON, hukumar gwamnati mai karɓo basussuka, ta karɓe ta a Fabrairun 2017, kamar yadda ta karɓi Aero Contractors shekara guda kafin nan, ita kuwa Aero tun 1959 take. Sai Ibom Air ta gwamnatin jihar Akwa Ibom da ta fara a 2019, da United Nigeria da Green Africa da suka shigo a 2021, da ValueJet a 2022, ga Overland da ta daɗe tana bin ƙananan garuruwa. Mu nan Arewa muna da Max Air ta Alhaji Ɗahiru Mangal, wadda muka fara sani da jigilar alhazai kafin ta shiga cikin gida a 2018, da Rano Air da ta fara a 2023. In ka lissafa sunaye haka sai ka ce ai fasinja ya warke, zaɓi har ya yi masa yawa.

To ni dai abin da jikina ya gaya min shi ne gasar nan a hanya ɗaya take da rai sosai, Legas zuwa Abuja. Sauran hanyoyin kuwa, musamman namu, suna ne kawai.

Bari in ba ku abu biyu da suka faru da ni, sati uku ne tsakaninsu. Na farko a Legas ne, ina da jirgin safe zuwa Abuja don akwai wanda zan gani kafin azahar a kan maganar takardun kaya. Na isa filin jirgi tun bayan asuba, na bi layi har na kai kaunta sai yarinyar ta ce min an mayar da jirgin zuwa yamma, wai an turo saƙo, na duba waya na ga saƙon ya shigo ina cikin mota a hanya. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma me na yi? Na ja jakata na taka zuwa kauntar wani kamfanin, taku bai fi ashirin ba, na tarar suna da jirgi nan da awa ɗaya da rabi kuma akwai kujera, na biya na hau, kafin sha ɗaya ina Abuja. Kuɗi ya ƙaru a kaina, gaskiya ne, amma aikina bai lalace ba, kuma kamfanin farko ya rasa ni ranar, ya kuma san ya rasa ni don ba ni kaɗai na tsallaka ba, mun kai mu goma da na gani da idona.

Na biyun a Kano ne, lokacin hunturu, zan raka Hajiyarmu Legas ganin likita, an ba mu rana tun wata biyu baya kuma in ka rasa ranar sai ka sake jiran wani dogon lokaci. Jirgin na rana ne. Aka ce an ƙara awa biyu, muka zauna. Awa biyun ta cika aka ce jirgin bai taso daga inda yake ba, muka yi la'asar a filin jirgi, muka yi magariba, Hajiya ga ciwon ƙafa ga sanyi, tana ta ce min Babangida mu koma gida mana in ba rabo, ni kuma ina ta lallashinta don na san abin da komawar ke nufi. Na zaga duk kauntocin da ke wurin ina neman wani jirgin Legas ko nawa ne, wanda ke da shi ya riga ya tashi tun safe, wani kuma sai gobe kuma a cike yake. Wajen tara na dare aka fito aka ce an soke. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don abin da ya fi ci min rai ba sokewar ba ce, hazo gaskiya ne, duk wanda ya zauna a Kano a Disamba da Janairu ya san akwai ranar da ko gidan maƙwabcinka da ƙyar kake hangowa, kuma na fi son matuƙi ya ƙi tashi da ya yi kasada da rayukanmu. Abin da ya ƙona min rai shi ne awa bakwai ba wanda ya fito ya yi mana bayani kamar mutane, sai dai ka je ka tambaya a ce maka ka ƙara haƙuri, kuma sun san ba inda za mu je. A Legas da suka san ina da wajen zuwa ko saƙo an turo, a nan ko wannan ba mu samu ba.

Wannan ne ya sa duk lokacin da na ji ana gardamar wane kamfani ne na ɗaya wane ne na biyu a yawan fasinja, sai in ga ba ita ce tambayar da ta dame ni ba. Tambayata ita ce a hanyar da nake bi jirage nawa ne a rana, kuma na kamfani nawa. Mu a Kano ma da sauƙi. Ka tambayi mutumin Sakkwato ko Yola ko Maiduguri ko Gombe, inda wani lokacin jirgi ɗaya ko biyu ne a yini, wasu filayen kuma rana na faɗuwa an rufe don ba a sauka da dare, jinkirin awa uku a can daidai yake da sokewa. Ga hanyar mota yadda ta zama, tun harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na Maris 2022 mutane da yawa da ba su taɓa tunanin hawa jirgin sama ba suka koma hawa dole, ba don suna da kuɗin ba.

Sai maganar farashi, nan ma gasar ba ta burge ni ba. Duk sanda zan yanki tikiti nakan buɗe shafin kamfani uku ko huɗu in gwada, bambancin da nake gani sau da yawa bai taka kara ya karya ba, in ɗaya ya hau sai ka ga sauran sun bi shi cikin kwana biyu. Waɗanda ke tafiya a Fabrairun 2022 za su tuna yadda muka wayi gari kusan duk kamfanonin sun mayar da mafi ƙarancin tikiti naira 50,000 a lokaci guda, har hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ce za ta bincika ko haɗa baki aka yi. Yau wannan 50,000 ɗin da muka yi ta kuka a kanta ta zama tarihi, tafiyar awa ɗaya ta haura 100,000, in Disamba ta zo kuwa sai wanda ya gani.

Amma don Allah kar a ɗauka ban san nasu uzurin ba, ni ma ɗan kasuwa ne, na san abin da dala ke yi wa mutum. Su naira suke karɓa a hannunmu, amma kusan komai nasu da dala ne, hayar jirgi, kayan gyara, inshora, horar da matuƙa, har babban gyaran da ake yi wa jirgi lokaci-lokaci wanda yawanci sai an kai shi ƙasar waje ya yi makonni ko watanni. Man jirgi a 2022 ƙungiyarsu ta AON ta ce ya tashi daga naira 190 lita zuwa 700, sannan aka bar wa kasuwa farashin naira a Yunin 2023 komai ya sake ninkawa. Ga kashi 5 cikin ɗari na kowane tikiti da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ke karɓa, ga kuɗin FAAN mai kula da filayen jirgi ga na NAMA mai kula da sararin samaniya. Shi ya sa kamfani zai ce maka yana da jirage goma amma huɗu ko biyar ne ke tashi, sauran suna jiran gyara, sai a ɗora wa jirgi ɗaya zirga-zirga shida a rana, in ya makara a tashin farko na safe to duk wanda ke jiransa har dare ya shiga uku. Abin da ya same mu da Hajiya kenan na fahimta daga baya, hazon ya taimaka, amma asalin matsalar babu wani jirgin da za a turo.

Kuma wannan kasuwa ce mai cin kamfanoni. Ina Nigeria Airways da aka rufe a 2003? Ina Kabo, ina Chanchangi, ina IRS, ina Okada da Bellview da Sosoliso da Virgin Nigeria? Dana ma tun da aka dakatar da ita a Afrilun 2024 ba mu sake ganinta ba. Nigeria Air, sabon kamfanin da gwamnatin tarayya ta so kafawa, da aka nuna mana tambarinta a 2018, aka kawo jirgi Abuja a Mayun 2023 ana saura kwana kaɗan gwamnati ta sauka, ita ma kotu ta rushe yarjejeniyarta da kamfanin Ethiopian Airlines a 2024. Duk kamfanin da ya faɗi, ƴan Legas da Abuja ba sa ji sosai don wani zai cike gurbin, mu ne jirginmu ɗaya na rana ke ɓacewa. Shi ya sa ni ba na murna in na ji wani kamfani na tangal-tangal ko da ya taɓa ɓata min, kuma ba na so in ga guda ɗaya ya haɗiye kasuwar duk da ina jin daɗin ganin kamfanin ƙasarmu yana sauka Landan yana sa na waje rage farashi. Abin da ya yi wa na waje a can shi nake so wani ya yi masa a nan gida.

In koma kan abin da na ji a jikina cikin tafiye-tafiyen nan 11, guda bakwai sun tashi a kan lokaci ko da ɗan jinkirin da bai kai awa ba, uku sun yi jinkiri mai tsawo, ɗaya aka soke. Cikin jirgi kuwa kusan duk ɗaya ne, ruwa da ɗan biskit ko kek, ma'aikatan ciki suna da ladabi a duk huɗun, ban ga wanda ya wulaƙanta fasinja ba, har akwai wadda ta riƙe hannun Hajiya ta kai ta kujera washegari da muka samu tashi, Allah ya saka mata. Matsalar a ƙasa take, wajen kaunta da wajen bayani da wajen mayar da kuɗi. Tafiyar da ta fi min daɗi duka a ƙaramin jirgi ne mai kujera 50, irin wanda mutane ke rainawa, an ce bakwai da rabi kuma bakwai da rabi muka motsa, illarsa kawai in kana da kaya masu yawa ka shirya biyan ƙari ko jakarka ta biyo ka a jirgin baya.

Kuɗin tikitin da na fasa a Legas sai da na yi kusan wata biyu ina bi, alhali dokar NCAA ta ce wanda ya saya ta intanet a mayar masa cikin kwana 14, wanda ya biya kuɗi hannu kuma nan take. Dokar ta kuma ce in jinkiri ya kai awa biyu a ba ku abin taɓawa, in ya wuce uku kana da damar cewa a ba ka kuɗinka, in dare ya yi a nema muku masauki. Yawancinmu ba mu san wannan ba, sai mu yi ta faɗa da yaran kaunta waɗanda ba su da iko a kan komai. Ni sai da na rubuta ƙorafi ga sashen kare fasinja na NCAA, suna da tebur a manyan filayen jirgi, na haɗa da hoton tikiti da saƙon da aka turo min, cikin sati guda na ji alat.

Don haka Alhaji, amsar tambayarka, ni yanzu ba ni da kamfani. Jirgin farko na safe nake nema ko na waye, don shi ne ya kwana a filin bai jira wani ya kawo shi ba. Ba na sayen zuwa da dawowa a kamfani ɗaya sai in ba yadda zan yi. In tafiyar asibiti ce ko zan haɗu da jirgin Umara a wani gari, kwana ɗaya kafin ranar nake tafiya, kuɗin otal ya fi min sauƙi a kan abin da muka gani da Hajiya. Likitan ya sake ba mu rana a wata mai zuwa, na riga na yanki na ƙarfe bakwai na safe, ranar Litinin, ganin likitan kuma Talata ne.