Kayan sanyin yaro ɗan shekara biyu a Ingila: wanne za ki saya kafin Kirsimeti?

Daga tsakiyar Nuwamba garin Manchester yake sauya kama. Rumfunan katako na kasuwar Kirsimeti sukan cika tsakiyar gari, a kunna fitilu a kan tituna, a Dunham Massey a ƙawata lambu da haske mutane su riƙa zagayawa da dare, tsohon jirgin ƙasa mai hayaƙi kuma ya riƙa kwasar yara daga Bury domin su gaisa da Santa. Kusan duk wannan a waje ake yinsa, a watan da rana take faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma. 'Yar'uwa, idan kina da yaro ɗan shekara biyu ko uku, musamman idan wannan ne hunturunku na farko a ƙasar nan, abin da kika sanya masa shi zai nuna ko za ku daɗe kuna kallo ko za ku juyo gida yana tsala kuka.

Wanda ya tashi a Jos ko Zariya ya san sanyi, amma busasshe ya sani, wanda suwaita da hula da basilin suke maganinsa. Na nan jiƙaƙƙe ne. A Disamba ma'aunin zafi yakan yi ta yawo tsakanin digiri 2 da 8, dusar ƙanƙara ba ta cika sauka a cikin gari ba, in ta sauka ma nan da nan ta narke ta zama caɓi. Abin da ke akwai kullum shi ne yayyafi da iska da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yaro mai wannan shekaru kuwa ba ya kewaye kududdufi, cikinsa yake shiga, ya durƙusa, ya zauna daɓas. Da zarar ruwa ya kai ga fatarsa, kaurin rigar da ke jikinsa ba ya hana shi rawar ɗari.

Saboda haka jaket ɗin nan mai kumburi, wanda yawancinmu muke fara ɗauka don muna ganin kauri shi ne ɗumi, ban ba ki shawararsa ba: yana tsayawa a ƙugu, wandon jins da ke ƙasa ya sha ruwa. Kot na ado mai manyan maɓallai na hoto ne da zuwa coci a mota. Rigar ƙanƙara ta bai-ɗaya, mai soso daga wuya har idon sawu, tana da amfani ga wanda zai je Suwidin ko tsaunukan Sikotland, amma a nan zufa take sa yaro da zarar kun shiga shago ko jirgi, kuma in ta jiƙe sai ta kwana ba ta bushe ba.

Abin da nake saya, kuma nake gaya wa duk wadda ta tambaye ni, shi ne riga da wando na ruwa irin na mutanen arewacin Turai, marasa shafi a ciki. Wandon yana hawa har ƙirji, da igiyoyi biyu a kafaɗa, sannan a bakin kowace ƙafa akwai roba da ake maƙalawa a ƙarƙashin takalmi don kada ya tattare. Rigar tana sauka ta rufe shi. Aikinsu ɗaya ne, tare ruwa da iska. Ɗumi daga ciki yake zuwa: riga mai dogon hannu da dogon wando masu kama jiki, na ulun merino ko na foliyesta, a bisa su kuma rigar filis, yadin nan mai laushin bargo. Auduga kada ta zama ta farko a jiki, domin tana riƙe zufa ta yi sanyi a kan fata.

Daɗin wannan tsari shi ne ke kike juya shi. Kun fito daga kasuwa kun shiga wurin shan shayi mai ɗumi, ki zare rigar sama kawai. Iska ta taso, ki mayar. Ranar da sanyi ya tsananta ki ƙara filis na biyu, ranar da ya sassauta ki rage, don haka kaya ɗaya za su kai ku har Afrilu. In yaron ya fara koyon zama a fo, sauke igiyoyi biyu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan tuɓe shi gaba ɗaya a banɗakin kasuwa. In ya kwanta cikin laka a Heaton Park, tsumma mai ruwa ya isa, ki rataye, kafin safiya sun bushe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tsarin gidajen raino a Ingila ya ce a riƙa fitar da yara waje kullum, kuma za su nemi ki kawo kayan ruwa ko da ba ki yi niyya ba. Igiyoyin kafaɗa ana ƙara musu tsawo, saboda haka in kin ɗauki lamba ɗaya sama da tsawonsa, wandon zai iya kai shi hunturu na biyu. Kamfanonin arewacin Turai da santimita suke auna kaya: 92 na wajen ɗan shekara biyu ne, 98 na ɗan uku. Ki auna tsawon yaron a jikin bango kafin ki zaɓa.

Akwai kuma maganar mota, wadda nake so kowace uwa da kowane uba su riƙe. Ba a ɗaure yaro a kujerarsa ta mota da riga mai kumburi a jikinsa. In aka yi karo, soson yana lotsewa, bel ya yi sako-sako, yaron ya iya zamewa. Da kayan da nake faɗa, sai ki cire rigar ruwan, ki ɗaure shi da filis ɗinsa, ki lulluɓa masa bargo a kan bel.

Sunayen da suka daɗe a wannan sana'a su ne Didriksons, wanda ya fara a 1913 da ɗinka wa masunta kayan ruwa a gaɓar tekun Suwidin, da Reima na ƙasar Finlan tun 1944, da Polarn O. Pyret tun 1976. Suna da tsada, babu ɓoye-ɓoye. Decathlon na da masu sauƙin kuɗi, Lidl da Aldi ma sukan kawo nasu lokaci-lokaci, in kin yi sa'a kin riske su kafin a kwashe. Suna bai dame ni ba kamar abu biyu. Na farko lambar da ake rubutawa da milimita, wadda ke nuna yawan ruwan da yadin zai iya tarewa kafin ya fara yoyo. Ga yaron da ke zama a jiƙaƙƙen wuri, ni ba na sauka ƙasa da 5,000. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a wurina, ɗinki. Ki juya wandon ciki ya koma waje. Ko dai ki ga an narka robar an haɗe ta ba tare da allura ba, ko ki ga an bi kowane ɗinki an manne shi da siririn tef. In kin ga zare tsirara, ki ajiye, domin kowane ramin allura ƙofar ruwa ce, kuma ɗinkin mazaunai shi ke fara ba da kai.

Sauran kaya ba sa buƙatar dogon bayani. Rambut yana tare ruwa amma ba ya ɗumama ƙafa, sai da safar ulu, kuma ya zama da ɗan sarari, don takalmin da ya matse shi ke sa yatsu su sandare. Safar hannu ki ɗauki wadda yatsu huɗu suke zama wuri ɗaya, mai fatar roba, ki sayi biyu don ɗaya za ta ɓata. Maimakon dogon mayafin wuya da zai iya sarƙewa a lilo, hular da ke rufe kunne da wuya ta fi. Tunda duhu yana yi da wuri, ki duba ko rigar na da ɗigon nan mai ƙyalli idan fitilar mota ta haska shi. In kina so ki san ko yana jin sanyi, ki taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa, hannu yakan yi sanyi ko da jiki na da ɗumi.

Dalilin da ya sa nake nanata ɗinki, an taɓa cuta ta a kansa. Wani talla ya riƙa bibiyata a waya a ƙarshen Nuwamba, lokacin da kowane shago ke shelar ragi, da hoton sanannen kaya da farashin da bai kai rabin na shago ba, wai suna rufe kasuwanci ne. Abin da ya iso bayan makonni leda ce mai warin fetur, ɗinkinta a buɗe, zif ɗin ya ɓalle a fitar farko, ɗiyata ta jiƙe har famfas muna tsakiyar kallon fitilu. Na rubuta musu, suka ce in mayar da kayan wata ƙasa mai nisa da kuɗina, kuɗin aikawar ya fi na kayan. Kafin sabuwar shekara shafin ya ɓace. Har yau in na tuna yadda leɓɓanta suke karkarwa a cikin keke raina yana ɓaci.

Waɗannan mutane sun san lokacinsu. Suna kwafe hotunan kamfani na gaskiya, su buɗe shafi mai suna kusan iri ɗaya, an ƙara harafi ko kalma, su sa agogo yana ƙirga mintunan da suka rage kafin ragin ya ƙare. Alamar kwaɗo da ke saman shafi ba shaidar gaskiya ba ce, ɗan damfara ma yana iya samunta. Ki gangara ƙasan shafin ki nemi adireshi da lambar rajistar kamfani, ki duba ta kyauta a shafin Companies House, hukumar rajistar kamfanoni ta Birtaniya. Ki karanta inda za a mayar da kaya in ba su yi ba. In babu adireshi, ko sharhin masu saye duk yabo ne iri ɗaya da aka rubuta a mako guda, ki fita. Mafi sauƙi, kada ki bi talla ko kaɗan, ki rubuta sunan kamfanin da hannunki. Wanda ya ce ki tura kuɗi kai tsaye zuwa asusunsa na banki, ya gama gaya miki ko shi wane ne.

Ki biya da kati. Doka ta ba ki kwana 14 ki fasa cinikin da kika yi ta intanet da ɗan kasuwa, ko da kayan lafiyarsu ƙalau, da kwana 30 ki mayar da kaya masu aibi a ba ki kuɗinki, wannan na biyun a ƙarƙashin dokar haƙƙin masu saye ta 2015. In abin ya haura fam 100 kuma da katin bashi kika biya, sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ɗora wa kamfanin da ya ba ki katin alhaki tare da mai sayarwa. In bai kai haka ba, ki nemi bankinki ya janyo kuɗin, kuma ki yi da wuri. In wani ya kira ki yana cewa daga banki yake game da cinikin, ki kashe ki buga 159, za a haɗa ki da bankinki na ainihi.

Gwanjo kuwa ina sonsa, kuma ta nan ne mai ƙaramin ƙarfi za ta samu kaya masu kyau, a manhajar Vinted ko shagunan sadaka, tunda yara suna girma su bar kaya da sauran ƙarfinsu. Sai dai kwana 14 ɗin nan bai shafi ciniki tsakanin mutum da mutum ba. Ki nemi hoton cikin wandon, da gwiwa, da mazaunai, da takardar da ke wuya. In tef ɗin ya fara ɗagowa ko robar ta tsattsage, an wanke shi da ruwan laushin kaya ko an gasa shi a injin busarwa, ya gama aiki. Ki biya a cikin manhajar, kada ki yarda a ja ki waje.

Jabun kaya ba asarar kuɗi kaɗai suke jawowa ba. Ƙa'idar da Birtaniya da Turai suke bi ta hana sa igiyar zuge a hula ko wuyan rigar yaron da bai kai shekara 7 ba, saboda shaƙewa. Kayan kirki hularsu da maɓallin ɗamewa ake haɗa ta, ta yadda in ta maƙale a reshe za ta cire da kanta. Masu kwaikwayo ba ruwansu da wannan, na ga rigar ɗan shekara biyu da igiya tana reto a wuya. Haka kayan wasan kwaikwayon haihuwar Yesu da gidajen raino da coci-coci suke shiryawa, na mala'ika da na makiyayi, da jar rigar Santa: a matsayin kayan wasa doka ta ɗauke su, don haka ki nemi tambarin CE ko UKCA, kuma ko da tambarin ki nisanta yaron da kyandir, domin irin wannan yadi yana kamawa da sauri.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne suwaita da hula da safa masu walƙiya ko kiɗa, waɗanda suke cika rumfuna da shagunan arha a Disamba. A cikinsu akwai ƙaramin batir mai kama da kwabo. A kaya na gaskiya, murfinsa da noti ake ɗaure shi. A na jabu, farcen yaro ya isa ya buɗe. In ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona naman wurin cikin sa'a 2, kuma sau da yawa ba a ganin wata alama da farko sai dalalar miyau ko ƙin cin abinci. Kafin ki biya, ki gwada buɗe murfin da yatsanki, in ya buɗe ki bar musu kayansu. In kuma kina zargin ya riga ya haɗiya, kada ki sa shi amai, kada ki jira ganin likitan unguwa: ki wuce sashen gaggawa na asibiti nan take ko ki kira 999, ki tafi da kayan da batirin ya fito daga ciki don likitoci su san girmansa.