Ajin 'yan mata na ran Asabar da ɗiyata ke zuwa

Masu tambayata kan ajin nan na 'yan mata da ake yi wajen Ƙofar Ƙaura, ga abin da na gani cikin sati shidda. Gaskiya da farko ban so ba, ji muka yi wai tsarin iyali za a koya ma yara, babanta ma cewa ya yi ba inda za ta je. Sai malamar ta tako har gida ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce Alhaji a bar Hajiya ta zo ta zauna ta ji da kunnenta, in bai yi maku ba shikenan. Nan ta saye mu.

Daga haila da tsarki ta fara, sannan ta gangaro kan yadda ciki ke wahalar da yarinyar da ƙugunta bai gama ƙwari ba, har yoyon fitsari da ake kai mata asibitin Babbar Ruga dominsa. Akwai wani gwangwanin madara tsakiyar tabarma, mai jin kunya ta rubuta tambaya ta jefa ba suna, wallahi rannan sai da ya cika.

Malamar ce ta ba ni labarin shirin Cuídate na Amurka na kare matasa daga cutar ƙanjamau, ma'anarsa kula da kanka, wanda Antonia Villarruel da abokan aikinta suka tsara ma matasan Latino, wato 'yan asalin Latin Amurka, 'yan shekara 13 zuwa 18, aka gwada a Filadelfiya sakamakon ya fito 2006. Ba su yaƙi al'adar mutanen ba, son dangi da girmama manya da ma ji da mazantaka suka ɗauko, suka ce ai namijin ƙwarai shi ke kare iyalinsa, yaran kuma suka rage abin da ake gudu.

To nan nake da ƙorafi, can maza da mata duk an koyar, nan ko ba a nemi samari ba sam. Kuma mu yawancin cikin da ake ɗauka da ƙuruciya a ɗakin aure yake, in ba a zauna da angwaye da uwayen miji ba yarinya ita kaɗai me za ta iya? Ɗan littafin da suka raba ma Hausarsa ba ta karantuwa, na faɗa ma malamar ido da ido.

Kyauta ne, ƙarfe 10 ake farawa, zaman farko uwa ta daure ta raka ɗiyarta.