Kaya Kaɗan Masu Shiga Da Juna Ko Bin Yayi?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki rage kayan sawarki zuwa 'yan kaɗan da za su riƙa shiga da juna, ko ki ci gaba da sayen abin da ake yayi don kada a bar ki a baya. Ni ina bayan na farko, amma da sharaɗi.

Mu fara da kuɗi. Kayan yayi suna da sauƙi ranar saye, sai dai lissafin gaskiya shi ne sau nawa kika sa su. Rigar da ɗinkin hammatarta ya warware bayan wanki uku ta fi cin kuɗi a kan wadda ta ninka ta tsada amma ta shekara biyar a jikinki. Araha ba ta ado. Kamfanoni irin su Zara da Shein suna fito da sababbin samfura a kai a kai, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan kaya na poliyesta ne, zaren da ake yi daga man fetur, wanda ba ya shan gumi kamar auduga. Arahar ma akwai masu biyanta: a 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladesh, mutum sama da 1,100 suka rasu, yawancinsu masu ɗinka tufafin da ake kaiwa ƙasashen waje. Wannan yana tsaya mini a rai ƙwarai.

Tsarin kaya kaɗan kuwa ba sabon abu ba ne. Susie Faux, mai shagon tufafi a Landan, ta yaɗa shi tun shekarun 1970, sannan a 1985 Donna Karan, mai zanen tufafi 'yar Amurka, ta fitar da kaya bakwai da mace za ta riƙa sauyawa. Riguna 5 da siket ko wando 4, idan launinsu ya jitu, shiga 20 ke nan. Da safe ba tsayuwa gaban kabad cike da kaya kina cewa ba ki da na sawa.

Inda yayi ya fi shi ne nishaɗi. Ido yana gajiya, kuma wani lokaci a cikin yayin ne mutum ke gano ɗinkin da ya dace da ƙirarsa. Kaya kaɗan kuma suna shan wanki, don haka dole yadin ya kasance mai ƙwari.

Ga sharaɗin. Hotunan nan na tsarin kaya kaɗan da ake yawo da su, komai fari da baƙi da ruwan ƙasa, su ma yayi ne. Idan kika kwashe kayanki kika sayo irin na hotunan, ba abin da ya canza. In ja ko shuɗi ne ke haska fatarki, su za ki gina a kai. Ki juya bakin kowace hanga baya, duk rigar da kika sa ki mayar da hangarta daidai. Bayan wata uku za ki ga waɗanda jikinki ya yarda da su, su ne salonki. Yayin kuma ki bar shi ya shigo ta jaka, takalmi ko ɗankunne. Kafin ki sayi sabuwar riga, ki juya cikinta ki ja ɗinkin a hankali, ki kuma tabbatar za ta shiga da abu uku a cikin waɗanda kike da su.