Tukuicin maki a Stack Overflow: kuɗin shela ne, ba kuɗin amsa ba

Duk mai rubuta manhaja a Kano, daga ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Bayero har matasan da ke haɗa wa makarantu da 'yan Kantin Kwari manhajar lissafi, ya san Stack Overflow, shafin intanet na tambaya da amsa ga masu rubuta manhaja. Jeff Atwood da Joel Spolsky ne suka buɗe shi a 2008, kamfanin Prosus ya saye shi a 2021 kan dala biliyan 1.8. Yawancin masu shiga daga nan amsa suke ɗauka su fita. Amma akwai ranar da matsalarka ba ta cikin waɗanda aka riga aka warware. Ka rubuta tambaya, kwana biyu shiru, mutum goma sha ne suka leƙa, babu wanda ya ce uffan. A nan ne shafin yake ba ka damar abin da suke kira "bounty", wato ka yanki wani abu daga makin da ka tara a shafin ka ɗora a kan tambayar a matsayin tukuici ga wanda ya amsa.

Tsarin yana aiki, kuma na yaba da shi. Sai dai sunan yana ruɗar mutane. Wanda ya sa tukuici bai sayi amsa ba, ya biya mai shela ne ya zagaya da maganarsa har mako guda. Ko an zo ko ba a zo ba, kuɗin shela ya tafi.

Makin nan ba kuɗi ba ne, ba a sayensa da naira ko dala. Sabon shiga yana farawa da maki 1. Duk ƙuri'ar yabo da aka ba amsarka tana kawo 10, ta tambaya ma 10 ce tun 2019, kafin nan 5 ce. In mai tambaya ya buga wa amsarka koriyar alamar amincewa ka sami 15, shi kuma 2. Ƙuri'ar suka tana cire maka 2. Abin da ƙuri'u za su kawo maka a rana ɗaya ba ya wuce 200, amma tukuici ba ya cikin wannan iyaka, shi ya sa ƙwararru suke bibiyarsa. Makin kuma shi ne mabuɗin ƙofofi: da 15 kake iya yaba amsar wani, da 50 kake tsokaci a ƙarƙashin rubutun kowa, da 75 kake sa tukuici, da 125 kake jefa ƙuri'ar suka.

Sa shi ba wuya. Dole tambayar ta kwana biyu cur, awa 48, kuma ba rufaffiya ba ce. Daga nan za ka ga rubutun "Start a bounty" a ƙarƙashinta. Ka zaɓi adadi daga 50 zuwa 500, hamsin-hamsin yake hawa. Sannan ka zaɓi dalili cikin waɗanda aka jera: jawo hankali, neman ƙarin bayani, amsoshin da ke akwai sun tsufa, neman hujja daga tushe ingantacce, neman amsa gamammiya, ko saka wa wata amsa da ta riga ta burge ka. Akwai gurbin rubuta ainihin abin da kake nema, kada ka bar shi fayau. Da ka danna, nan take a cire makin daga asusunka. Ba a fasawa, ba a ragewa, ba a ƙarawa. Tambayar ba sai taka ba, kana iya ɗora tukuici a kan ta wani, amma mutum ɗaya ba ya riƙe fiye da uku a lokaci guda, tambaya ɗaya kuma ba ta ɗaukar biyu a tare.

Kuskuren farko tun a lissafi yake faruwa. Mai maki 75 daidai, in ya sa 50, saura 25. Ya faɗo ƙasa da 50 ke nan, ikon tsokaci a tambayoyin mutane ya tafi, sai dai a tasa tambayar da amsoshin da ke ƙarƙashinta. Gara mutum ya jira ya kai 100. Haka mai 130 da ya sa 50 ya rasa ƙuri'ar suka har sai ya sake tarawa.

Kuskure na biyu ya fi tsada: ɗora tukuici a kan tambayar da ba ta cancanta ba. A ce wani yana haɗa wa makaranta a Gwale manhajar fitar da sakamakon jarrabawa a PDF, da FPDF yake aiki, wani kayan aiki na fitar da takardun PDF. Ya buga, sai sunan Ɗanladi da na Ƙasimu suka fito da wasu alamomi marasa kan gado a gurbin ɗ da ƙ. Wannan ba ta bukatar ko maki ɗaya. An daɗe da sanin haruffan da FPDF ke zuwa da su ba sa ɗaukar UTF-8, tsarin da ke ɗauke da haruffan harsunan duniya, maganin shi ne komawa tFPDF, sigar FPDF mai ɗaukarsa, da samfurin haruffa irin DejaVu Sans mai ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ. Bincike na minti goma ya isa. Amma a ce matsalarsa ita ce jera sunayen ɗalibai bisa tsarin abacada na Hausa, ƙ ta biyo k, ɗ ta biyo d, sh da ts su tsaya a matsayin haruffa masu zaman kansu, a cikin rumbun bayanai na wata tsohuwar siga da makarantar ba za ta iya canzawa ba. Waɗanda suka san wannan lungu kaɗan ne, kuma ba lallai su ci karo da tambayar a ranar da aka rubuta ta ba. Irin wannan ce ake biya wa shela.

Ko ita ɗin, sai an gyara ta tukuna. A rubuta sigar manhajar, a sa ɗan guntun kod da kowa zai iya gwadawa a kwamfutarsa, a kwafo saƙon kuskure kamar yadda ya fito, ba hoton allo da aka ɗauka da waya ba. A ba da sunaye biyar ko shida, a nuna yadda suke fitowa da yadda ake so su fito, domin mai amsawa daga Jamus ko Indiya bai san bambancin kasa da ƙasa ba sai an nuna masa. Tambaya mai duhu, tukuici idanu kawai yake ƙara mata, idanun kuma suna iya zuwa da ƙuri'un suka.

Wa'adin kwana bakwai ne. A wannan mako tambayar tana cikin jerin masu tukuici da shuɗiyar alama mai nuna adadin. Ba za ka iya bayarwa ba sai an yi awa 24 da farawa. Shawarata kada ka yi gaggawa ko da amsa ta zo da wuri, don jerin yana sa waɗanda suka kusa ƙarewa a sama, ke nan a kwanakin ƙarshe aka fi ganin taka. Amma ka riƙa leƙawa kullum. Mai son taimako zai tambaye ka wani abu a tsokaci, in ka yi kwana uku ba ka tanka ba saboda data ta ƙare ko babu wuta, ya wuce gaba.

Wurin da aka fi yin asara shi ne ƙarshe. Buga koriyar alama daban, miƙa tukuici daban, kowanne da maɓallinsa a gefen amsa. Bayan kwana bakwai akwai rangwamen awa 24. In shi ma ya wuce ba ka miƙa ba, na'ura ce za ta yanke hukunci. In kai ne mai tambayar kuma ka amince da wata amsa da aka rubuta cikin wa'adin, ita za a ba duka. In ba haka ba, za a duba amsoshin da aka rubuta bayan fara tukuicin, wadda ta fi ƙuri'u kuma ta kai aƙalla 2, a ba ta rabi kawai. Sauran rabin ya salwanta. In babu wadda ta kai 2, duka ya bi ruwa, kai ba ka samu ba, kowa bai samu ba. Wannan hukunci yana cutar da wanda ya ɓata dare ya rubuta amsa sahihiya a fannin da masu jefa ƙuri'a ba su da yawa, kuma shi ne abin da na fi ƙi a tsarin. Shafin yana aiko tunatarwa, amma ka sa ƙararrawa a wayarka tun ranar farko.

Ba a raba tukuici ɗaya ga mutum biyu. In biyu suka taimake ka, sai ka sa na biyu, shi kuma dole ya ninka na farko: 50, 100, 200, 400, sannan 500. In ka riga ka rubuta amsa a tambayar da kanka, mafi ƙaranci 100 ne, kuma ba ka iya ba kanka. Da ka gano maganin da kanka a tsakiyar mako, makin ba zai dawo ba, amma ka rubuta amsar don na baya. Masu tunanin tura wa aboki maki ta wannan hanya, ko buɗe asusu na biyu, su sani masu kula da shafin suna ɗaukar haka maguɗi, suna janye makin su dakatar da asusu.

Akwai abin da ya kamata ɗan Kano ya auna kafin ya sa rai. Wanda ya fi bukatar shela shi ne sabon shiga, shi ne kuma ba shi da 75. Hanya mafi sauƙi ta tarawa ita ce gyaran rubutun wasu, duk gyaran da aka karɓa maki 2 ne, haɗe da amsa tambayoyi a fannin da ka ƙware. Babu sashen Hausa. Ban da Turanci, akwai na Rashanci, Sifaniyanci, Fotugisanci da Japananci kawai. Sannan tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 masu shiga sun ragu ƙwarai, ke nan kasuwar da ake yi maka shela a ciki ba ta cika kamar da. Shafin ya haramta amsoshin ChatGPT tun Disambar 2022, duk da haka tukuici mai tsoka yana jawo masu liƙa amsa mai santsi wadda ba su gwada ba. Kada ka miƙa wa kowa sai ka gwada a kan aikinka.

Maki ba ya ƙaura tsakanin shafukan Stack Exchange, wato dangin shafukan tambaya da amsa da Stack Overflow ke cikinsu. Na Stack Overflow ba ya amfani a Ask Ubuntu ko Super User ko shafin lissafi. Amma da zarar ka kai 200 a ɗaya, duk wanda ka shiga da asusu guda za a ba ka kyautar 100, ka tashi da 101. Wannan ya isa tukuicin 50 guda, kuma za a bar ka da 51, ikon tsokacinka na nan.